An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gardamar Taki a Ɗakunan Noman Wiwi

Ranar 17 ga Oktoban 2018 Kanada ta halatta wa baligai saye da shan tabar wiwi, shekara biyar bayan Yurugwai ta fara buɗe wannan ƙofa. Jamus ta bi sahu a Afrilun 2024, ta yarje wa kowane baligi ya shuka tushe uku a gidansa. A Amurka kuwa jihohi fiye da 20 ne suka halatta, tun daga Kolorado da Washinton a 2012. Da doka ta sassauta, sai wata tsohuwar gardama da manoman ɓoye suka daɗe suna yi ƙasa-ƙasa ta fito fili, ta shiga jami'o'i da shagunan kayan gona da tallace-tallacen kamfanoni. Gardamar ita ce: idan a cikin ɗaki ake noman wannan tsiro, wane taki ya fi dacewa da shi, na gargajiya ko na zamani?

Matsayina a kan wiwi shi ne matsayin dokar ƙasata da na malamaina. Noma shi da sayar da shi laifi ne a dokar Nijeriya, kuma tun zamanin Ibn Taimiyya malaman Musulunci suka sa shi cikin kayan maye da aka haramta. Abin da ya sa na ga gardamar ta cancanci shafin jarida shi ne, abin da ake nomawa a waɗancan ɗakuna ba ya tsayawa a can. Yana ƙetaro teku ya iso hannun samarinmu, kuma yana zuwa ne da kirarin da 'yan kasuwarsa suka yi masa. Bayan haka, maganar taki magana ce da kowane manomi a Dawakin Kudu ko Maradi yake da ta cewa a kanta, kuma a ganina manominmu ya fi waɗancan masu ɗakuna gane inda gaskiyar take.

Ɓangare ɗaya na masu gardamar suna jiƙa gishirin taki a ruwa, su shayar da saiwa kai tsaye. Sau da yawa ma babu ƙasa ko kaɗan. Saiwar tana kama wani abu mai kama da audugar dutse, ko ɓawon kwakwa da aka daka aka yi jigilarsa daga Indiya da Siri Lanka. Hujjarsu ita ce sun san abin da suka zuba, sun san adadinsa, kuma amfanin wannan wata zai yi daidai da na watan gobe. Ɗaya ɓangaren suna cika tukwane da abin da suke kira ƙasa mai rai: ruɓaɓɓen taki, kashin tana, kashin jemage, garin ƙashi, ciyawar teku. Suna cewa ganyensu ya fi ƙamshi, ya fi tsabta, ya fi kusa da yadda Allah ya halicce shi, kuma suna sayar da shi da tsada a kan wannan da'awa.

Wannan rikici ya girmi noman wiwi a ɗaki. A 1840 masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya fitar da littafinsa da ya yaɗa ra'ayin cewa tsiro ma'adanai yake sha daga ƙasa, ba ruɓaɓɓen ganye yake ci ba. A 1909 Fritz Haber ya gano yadda za a kamo sinadarin naitirojin daga iska, Carl Bosch ya mayar da dabarar masana'anta a 1913, kuma daga nan yuriyar da muke saye a buhu ta samo asali. Shekara ɗari bayan Liebig, a 1940, Baturen Ingila Albert Howard, wanda ya yi shekaru yana aikin gona a Indiya yana lura da manoman can, ya fito ya ce an yi garaje, domin ƙasa ba rumbun sinadarai ba ce kawai, abu ce mai rai da ke buƙatar a ciyar da ita.

Dukansu biyu sun faɗi gaskiya, amma kowa a kan abin da ya kalla. Liebig tsiro ya kalla. Saiwa ba ta tambayar inda naitirojin ya fito. Ko daga kashin shanu ne ko daga masana'antar Dangote da ke Legas, sai ya narke ya zama sinadari iri ɗaya kafin ta iya zuƙarsa. Bambancin kawai shi ne na kashin shanu sai ƙananan halittun ƙasa sun ruɓar da shi a hankali, na buhu kuwa a shirye yake zuwa. Howard kuma ƙasa ya kalla. Takin gargajiya yana sa ƙasa ta riƙe ruwa, ta yi laushi, ta jure iska da zaizaya, ta kuma ci gaba da bayarwa shekara da shekaru. Wannan ne ya sa manoman kewayen Kano suka yi ƙarni suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba. Da rani jakuna suna fita daga birni da mangalar taki da toka da shara, makiyaya suna kwana da shanu a gona bayan girbi, gawo yana zubar da ganyensa da damina. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin wannan tsari, kuma abin da ya rubuta ya sa masana da dama a Turai suka sake tunani a kan manomin Afirka.

To a nan ne gardamar masu ɗakuna ta rasa tushe. Babbar hujjar takin gargajiya hujjar gona ce: ka ciyar da ƙasar da za ka bar wa 'ya'yanka. A cikin sito mai bangon siminti, wanda ba ya ganin rana, ba ya shan ruwan sama, babu wata ƙasar da ake ceto. Abin da ke cikin tukunyar haɗi ne da aka sayo. Gansakukar da ake zubawa a ciki an yanko ta ne daga fadamun Kanada da na arewacin Turai, waɗanda suka ɗauki dubban shekaru kafin su taru. Kashin jemagen daga kogunan wasu ƙasashe aka kwaso shi, aka ɗora a jirgi. Wanda ya san tarihin tsibiran Chincha na Peru, inda aka kwashe tsaunukan kashin tsuntsaye cikin kimanin shekara 30 a ƙarni na 19 domin gonakin Ingila da Amurka, ya san cewa taki yana iya zama na halitta kuma ɗibarsa ta zama ɓarna.

Tarayyar Turai ta gane wannan. Dokarta ta 2018 a kan noman da ba na sinadari ba ta ce dole amfanin gona ya tsiro a ƙasa mai rai wadda take haɗe da ƙasar da ke ƙarƙashinta, kuma ta hana ba wa noman cikin ruwa tambarin wannan irin noma. Amurka ta bi wata hanya daban. A 2017 hukumar da ke ba Ma'aikatar Noma shawara ta kaɗa ƙuri'a, takwas da bakwai, ta ƙi hana masu noman cikin ruwa tambarin, abin da ya fusata tsofaffin manoma har suka kafa tasu ƙungiya a shekarar da ta biyo baya. A wannan batu ina tare da Turai. Wanda ya raba tsiro da ƙasa ya bar gidan Howard, ko me ya zuba a tukunya.

Da'awar ƙamshi fa? Akwai binciken da masana a Jami'ar Kolombiya suka fitar a 2023, inda suka gwada iri ɗaya da aka noma a fili da wanda aka noma a ɗaki, suka sami na fili ya fi yawan sinadaran ƙamshi. Amma na filin ƙasa mai rai ya samu, ya kuma samu hasken rana. Ba yadda za a yi a ce takin ne kaɗai ya yi aikin. Idan binciken ya nuna wani abu, ɗakin ya tuhuma.

Su ma masu takin zamani ba su fita ba. Shekara da shekaru kamfanoni suna sayar musu da kwalabe masu sunaye masu daɗi, cike da fosfaras, a kan cewa shi ke sa fure ya yi nauyi. A 2022 ɗakin binciken Farfesa Bruce Bugbee a Jami'ar Jihar Yuta ya gwada, ya ga ƙarin bai ƙara amfani ba, bai ƙara inganci ba, sai dai ya bi ruwan da ke tsiyaya ya fita. Ruwan nan kuwa magudana yake shiga, daga can ya kai ƙorama da tafki, inda fosfaras ke haddasa gansakukar da ke shaƙe kifi. Kuma fosfaras dutse ne da ake haƙowa, mafi yawan abin da ya rage a duniya yana Maroko. Ana zubar da shi a magudanar Denver alhali manomi a Sakkwato yana auna supa da mudu saboda buhu ya fi ƙarfinsa. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka suka yi alkawarin kai amfani da taki zuwa kilo 50 a kowace hekta, daga kimanin kilo 8 a lokacin, kuma har yau yawancin ƙasashen ba su kai ba. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata wa mutum rai.

Amma duk wannan taiki ne. Jakin shi ne wutar lantarki. Ɗakin noman wiwi yana buƙatar fitilu masu ƙarfin da zai maye gurbin rana, su yi sa'o'i 12 zuwa 18 a kunne kullum. Fitilun suna kawo zafi, sai a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Tsiron yana fitar da raɓa, sai a kunna na'urar busar da iska. Da hunturu a ɗumama iskar da ke shigowa. Sannan a sayo iskar kabon a tulu a saki a ɗakin domin tsiro ya yi sauri. A 2012 Evan Mills, masanin makamashi a Kalifoniya, ya ƙiyasta cewa wannan noma yana cin kashi 1 cikin 100 na duk wutar Amurka, kashi 3 cikin 100 na ta Kalifoniya, tun kafin halattawa ta yaɗu. A 2021 masana a Jami'ar Jihar Kolorado suka bi diddigin abin a faɗin ƙasar, suka sami cewa kowane kilo ɗaya na busasshen fure yana jawo fitar da tsakanin kilo 2,283 zuwa 5,184 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, gwargwadon garin da aka noma shi. Manyan abubuwan da suka haddasa wannan adadi su ne sarrafa iskar ɗaki, da fitilu, da iskar kabon ta tulu. Taki, ko wane iri ne, yana can baya. Mutumin da ya ƙona wannan wuta, sannan ya liƙa hoton koren ganye a kwalinsa domin ya yi amfani da kashin tana, yaudarar mai saye yake yi, ko da shi kansa ya yarda da abin da yake faɗa.

Abin da ya kai tsiron ɗaki tun farko ma ba ilimin noma ba ne, tsoron hukuma ne. A shekarun 1980, lokacin da jirage masu saukar ungulu suka fara shawagi a kan tsaunukan arewacin Kalifoniya suna neman gonakin ɓoye, manoma suka koma ƙarƙashin rufi. Da aka halatta, sai dokokin suka gaji ɓoyon: garuruwa da yawa suka ce sai a rufaffen wuri, kuma tun da dokar tarayya ta hana ƙetara iyakar jiha da shi, kowace jiha sai ta noma nata, har waɗanda ƙanƙara ke rufewa rabin shekara. A Kanada kuma kamfanoni suka yi rige-rigen gina manyan rumfuna fiye da abin da kasuwa za ta iya sha. A 2021 kaɗai sun lalata sama da tan 400 na wiwin da bai sayu ba. An ƙona wuta, an zuba taki, an kwashe an zubar.

Akwai kuma abin da ya shafi jikin mai sha, wanda shi ma ba ya bin layin gargajiya da zamani. Wannan tsiro yana da halin zuƙe ƙarafa masu guba daga inda aka shuka shi ya tara a jikinsa. Saboda wannan hali ne aka gwada shuka irinsa marar maye a kusa da Chernobyl a ƙarshen shekarun 1990, da kuma kusa da masana'antar ƙarfe ta Taranto a Italiya, domin ya tsotse dattin ƙasa. Dutsen fosfaras yana zuwa da kadmiyom, har sai da Tarayyar Turai ta sa iyaka a kan yawansa a cikin taki. Ciyawar teku tana iya zuwa da asenik. Kashin dabbobi da ruɓaɓɓiyar shara suna iya zuwa da dalma da ƙwayoyin cuta. A 2023 wani bincike a Jami'ar Kolombiya, a kan bayanan mutum fiye da 7,000, ya nuna masu shan wiwi kaɗai, waɗanda ba sa shan sigari, suna da dalma a jini da ta ɗara ta marasa sha da kashi 27 cikin 100, kadmiyom kuma da kashi 22. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ƙarfe ba.

Tambarin kansa ma ba abin dogaro ba ne. A Amurka Ma'aikatar Noma ba ta ba wiwi mai maye tambarinta na noman da ba sinadari, domin dokar tarayya ta 1970 ta sa shi cikin haramtattun ƙwayoyi. Kamfanoni masu zaman kansu ne suka cike gurbin, kowa da nasa ma'auni, sai a 2021 Kalifoniya ta fito da nata tsarin. A Kanada, ƙarshen 2016 zuwa farkon 2017, kamfanin Organigram, wanda yake tallata hajarsa ga marasa lafiya a matsayin ta noman gargajiya, ya janye kayansa daga kasuwa bayan an gano magungunan feshi da ba a yarda da su ba a ciki. Ɗaya daga cikin magungunan yana fitar da hayaƙin sayanayid idan aka ƙona shi. An dakatar da tambarin kamfanin, kuma daga 2019 gwamnati ta wajabta gwajin maganin feshi kafin a sayar. Abin da ya kare marasa lafiyan nan daga baya shi ne ɗakin gwaji da dokar da ta tilasta shi. Irin takin da aka rubuta a kwali bai kare kowa ba. Kuma dalilin feshin a bayyane yake: ɗaki mai ɗumi da raɓa, cike da tsiro iri ɗaya, gida ne ga funfuna da ƙwari.

Yanzu mu dawo gida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. A Arewa maso Yamma kaɗai an ƙiyasta kimanin miliyan uku. A 'yan shekarun nan hukumar NDLEA, ƙarƙashin Buba Marwa, ta sha kama wani nau'i da ake kira Loud a tashoshin ruwan Legas, an cusa shi cikin tsofaffin motocin da aka yi odarsu daga Kanada. Wannan shi ne ɗan waɗancan ɗakuna. Ya fi na dazukan Ondo da Edo tsada nesa ba kusa ba, kuma samari suna ɗaukarsa a matsayin mai aji, mai tsabta, na waje.

Abin da ba a gaya musu shi ne ƙarfinsa. Gwajin da Jami'ar Misisipi ta daɗe tana yi a kan wiwin da aka kama a Amurka ya nuna sinadarin mayen, wato THC, ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014, kuma a shagunan Kanada yau wanda ya haura kashi 20 ba abin mamaki ba ne. Duk ɓangarorin biyu, masu kashin tana da masu gishirin kwalba, wannan lambar suke rige-rigen ɗagawa, domin ita ke sayar da kaya. A 2019 Marta Di Forti da abokan aikinta suka fitar da bincike daga wurare 11 a Turai da Burazil, wanda ya nuna mai shan irin mai ƙarfi kullum yana da haɗarin taɓuwar hankali kusan ninki biyar na wanda bai taɓa sha ba. Sun ƙiyasta cewa a Amsterdam rabin sababbin masu wannan ciwo, a Landan kuma kusan kashi 30 cikin 100, da ba su kamu ba in da babu wannan nau'i a kasuwa. Ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara 17 ba ta san da wane taki aka ciyar da ganyen ba. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibitin Dawanau ko na Kware ya san yadda wannan ciwo yake cin gida gaba ɗaya, ya san kuma ƙarancin likitocin da za su duba shi.

Na san akwai masu cewa Nijeriya ta halatta noma shi domin magani da fitarwa waje. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta wannan kira tun 2019, an kuma sha gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai. Lesoto ta fara ba da lasisi a 2017, Maroko ta yi doka a 2021, Gana kuma a 2023 ta sake amincewa da noman irin da mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, bayan Kotun Ƙoli ta soke sashen dokar da ya fara ba da wannan izini. Ba na goyon bayan kiran, amma masu yin sa ba mahaukata ba ne, kuma maganar za ta sake dawowa majalisa. Ranar da ta dawo, masu zuba jari za su zo da takardu masu ƙyalli, ɗauke da kalmomin da suka koya a Toronto da Denver: noman gargajiya, babu sinadari, mai kare muhalli.

'Yan majalisarmu su ajiye waɗannan kalmomi gefe su yi tambayoyin da ke da amsa a lamba. Megawat nawa rumfar za ta ci, a ƙasar da duk wutar da ake rarraba wa mutum fiye da miliyan 200 take yawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma wace unguwa ko wane asibiti za a kashe wa wuta domin a ba ta? Ina ruwan da ya tsiyaya daga tukwanen zai tafi? Wane ɗakin gwaji ne a ƙasar nan zai auna dalma da kadmiyom da maganin feshi a kowane kaso, kuma wa zai biya shi, gwamnati ko kamfanin da ake gwadawa? Mene ne iyakar THC, kuma wa zai hana abin da aka ce na fitarwa ne ya zurare zuwa Sabon Gari? Buhu nawa na kamfa da yuriya za a karkatar daga masara da shinkafa da tumatirin Kadawa? Kanada, da duk kuɗinta da ɗakunan gwajinta, sai da gurɓataccen kaya ya kai ga marasa lafiya kafin ta wajabta gwaji, kuma har yau ba ta iya hana kayan ƙasarta shiga kwantenar da ke sauka a tashar ruwan Tin Can ta Legas ba.